Daga Rawanin Sarkin Magina Zuwa Lambar Zinariya: Tarihin Karrama Gwanayen Gini da Ƙere-ƙere

Duk al'ummar da ta zauna wuri guda tana buƙatar mai haƙa mata rijiya, da mai tayar mata da ganuwa, da mai ƙera mata garma. Tana kuma buƙatar hanyar rarrabe gwani da ɗan koyo, domin na baya su san wanda za su bi. A yau ƙungiyoyin injiniyoyi na duniya suna yin haka ne da lambobin yabo, wato zinariya ko azurfa da aka buga wa suna da shekara, tare da takardar da ta bayyana aikin da mutum ya yi. Wannan al'ada ta kusa cika shekara 300 a Turai. Ƙasar Hausa kuwa ta daɗe da tata hanyar tun kafin nan. Tarihin hanyoyin biyu yana kewaya tambayoyi biyu ne: wa ke da hurumin cewa wane gwani ne, kuma ina ake ajiye shaidar bayan ya bar duniya?

Zamanin ganuwa da maƙera, kafin 1800

Masu binciken kufai sun tabbatar ana narka tama a gindin Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7. Labarin baka kuma yana cewa wani maƙeri ne mai suna Kano ya taso daga Gaya neman tama, garin ya ci sunansa. Wannan faɗa ce ta kaka da kakanni, amma ta nuna matsayin ƙira a idon mutanen da. Rubutaccen tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, Muhammadu Rumfa kuma, daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya gina fadar da ake zaune a cikinta har yau. A ƙarni na 16 Kanta na Kabi ya kewaye Surame da ganuwar dutse wadda kufanta ke nan a jihar Sakkwato. Ana cewa mutanen da suka makara wajen aikin, Kanta ya sa su kwaɓa tasu ƙasar da man kaɗanya a madadin ruwa. Wannan ma labari ne na baka.

Irin waɗannan manyan ayyuka su suka haifar da sarautun sana'a. Kowane birni yana da Sarkin Magina da Sarkin Maƙera, wani wurin har da sarkin masu haƙar rijiya. Sarki ne ke naɗa rawanin, amma ba ya ɗauko mutum daga waje. Daga gidajen sana'ar ake fitar da shi, kuma dattawan gidajen sun san wanda gininsa ya ci damina goma bai tsage ba. Wanda ya yi aikin a zo a gani akan ba shi riga, ko alkyabba, ko doki. Makaɗa kuma su ɗauki sunansa, domin kowace sana'a tana da kiɗanta: kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera. Sarautar tana tafe da nauyi. Mai ita ne ke raba aikin fada, shi ke tsayawa a kan gyaran ganuwa bayan damina, shi ke sasanta 'yan sana'a in sun saɓa.

Tsarin yana da ƙarfi, domin girmamawar tana tare da iko da abin hannu. Rauninsa shi ne shaidar tana bakin maroƙi. In maroƙin ya mutu, aka yi jikoki biyu ko uku, sai sunan sarkin da ya sa aka yi aikin ya tsaya, na wanda ya ɗora tubalin ya ɓace.

Daular Usmaniyya da Babban Gwani, 1804 zuwa 1884

An haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754 a Maratta, kusa da Galmi ta yau, a yankin Ƙonni da Malbaza. Jihadin da ya soma a 1804 ya kawo sababbin garuruwa da ribaɗoɗi, kowanne yana neman ganuwa da masallacin Juma'a. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya ɗauki sana'a a matsayin ginshiƙin mulki. A nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje ya lissafa kula da masu sana'a da zaunar da su a garuruwa cikin haƙƙoƙin da ke wuyan shugaba.

A wannan zamani ne aka sami maginin da sunansa ya tsira, Malam Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani. Shi ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Abin da ya ɗaga aikinsa shi ne bakan gizo. Azara guda ba ta iya ɗaukar rufin ɗaki mai faɗi, don haka magini yakan kafa azaru a cikin bango ko ginshiƙi, yana ɗora wata bisa wata, kowace ta ɗan leƙo gaba, ana ɗaure su da igiya ana lulluɓewa da laka, har ɓangarorin su haɗu a sama su ɗauki tulluwa. Durugu ya jera irin waɗannan bakuna a cikin masallacin har zauren ya buɗe, ya kuma ƙawata su da zane. Masana gine-gine na duniya suna lissafa wannan aiki cikin mafi kyawun ginin ƙasa a Afirka. Ana cewa bayan ya yi wani gini a Birnin Gwari sarkin garin ya sa aka kashe shi don kada ya sake yin irinsa a wani wuri. Labari ne da ke yawo a baki. Abin da yake tabbas shi ne laƙabin ya zama sarauta a gidansa, kuma akwai unguwar Babban Gwani a Zariya har gobe.

A Damagaram kuwa, Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye birnin da ganuwa, maƙeransa kuma suka zuba igwa suka haɗa albarushi a cikin gari. Wannan aikin injiniyoyi ne ta kowace fuska. Duk da haka in an zo ba da labarin, igwogin Tanimu ake cewa.

Landan, 1660 zuwa 1835

A cikin waɗannan ƙarnuka Turai ta ɗauki wata hanya dabam. A 1660 wasu masana suka kafa ƙungiyar binciken kimiyya a Landan, wadda sarkin Ingila ya ba izini. Ƙa'idarsu ita ce duk mai da'awa ya zo ya gwada a gaban 'yan'uwansa, a kuma rubuta. A 1709 wani ɗan ƙungiyar, Godfrey Copley, ya rasu ya bar mata wasiyyar fam 100. Daga wannan kuɗi aka fara ba da kyauta a 1731, Stephen Gray ya fara karɓa saboda gwaje-gwajensa a kan lantarki, daga 1736 kuma aka mayar da ita lambar zinariya.

Biyu daga cikin waɗanda suka karɓe ta sun isa misali. John Harrison kafinta ne da bai yi jami'a ba. Ya shafe shekaru yana ƙera agogon da ba zai ɓata lokaci a cikin jirgin ruwa ba, domin da shi matuƙa za su san inda suke a tsakiyar teku. An ba shi lambar a 1749. John Smeaton ya karɓa a 1759 saboda auna ƙarfin injinan niƙa masu aiki da ruwa da iska. Shi ne kuma ya gano irin farar ƙasar da in an gasa ta take daskarewa ko a cikin ruwa, binciken da ya share hanyar sumuntin da Joseph Aspdin ya yi wa rajista a 1824.

Da ayyukan gadoji da hanyoyin ruwa suka yawaita, sai injiniyoyi suka ga suna buƙatar zaurensu. Wasu matasa suka kafa ƙungiyar injiniyoyin gine-gine a 1818. A 1820 suka ɗauko Thomas Telford ya zama shugabansu na farko. Telford ɗan makiyayi ne daga Sikotilan, da sassaƙar dutse ya fara, ya ƙare yana gina manyan gadoji. Ya rasu a 1834 ya bar wa ƙungiyar wasiyyar kuɗi, ita kuma a 1835 ta kafa lambar yabo da sunansa. Sharaɗinta shi ne injiniya ya rubuta yadda ya yi aikinsa, ya gabatar, abokan sana'a su tattauna.

Nan aka sami canji biyu masu nauyi. Hukuncin gwaninta ya koma hannun waɗanda suka san aikin, kuma yabo ya zama ladan bayyana ilimi. A yawancin duniya, har da ƙasar Hausa, sirrin sana'a gadon gida ne, ba a faɗa wa bare. Lambar Telford ta juya wannan: wanda ya buɗe sirrinsa shi ake ɗagawa. Saboda haka kuskuren da aka yi a gada guda yakan zama darasi ga masu gina ta gaba.

Ƙarfe, lantarki da rediyo, 1848 zuwa 1963

Sauran ƙasashe sun bi sahu. Faransa ta sami ƙungiyar injiniyoyinta a 1848, Amurka a 1852, Jamus a 1856. Kowace sabuwar fasaha takan haifi ƙungiyarta, kowace ƙungiya kuma ta buga lambarta. Masu narka ƙarfe a Ingila sun kafa lambar Bessemer a 1874. Lokacin da aka fara ba da kyautar Nobel a 1901 babu kason injiniyoyi a cikinta, wannan ya ƙara wa lambobin ƙungiyoyi daraja. A 1902 manyan ƙungiyoyin Amurka suka haɗu a kan lambar John Fritz, wadda George Westinghouse ya karɓa a 1906, Alexander Graham Bell a 1907, Thomas Edison a 1908. Injiniyoyin lantarki suka fara ba da lambar Edison a 1909, takwarorinsu na Ingila kuma lambar Faraday a 1922.

Labarin da ya fi nuna amfanin hukuncin 'yan sana'a shi ne na Edwin Armstrong. A 1917 ƙungiyar injiniyoyin rediyo ta Amurka ta ba shi lambarta ta farko, saboda dabarar da ya gano ta ƙara ƙarfin siginar rediyo. Wani mai ƙirƙira, Lee de Forest, ya ce dabarar tasa ce. Aka yi ta shari'a har kotun ƙoli, wadda a 1934 ta ba de Forest gaskiya. Armstrong ya zo taron ƙungiyar da niyyar mayar da lambar. Shugabannin suka ƙi karɓa, suka sake tabbatar masa da ita, domin su sun san yadda na'urar ke aiki, kuma sun san wanda ya fara fahimtarta. Armstrong ɗin nan shi ne ya samar da zangon FM da gidajen rediyonmu ke amfani da shi. A 1963 ƙungiyar rediyo ta haɗe da ta lantarki suka zama IEEE, lambar kuma ta ci gaba a matsayin mafi girma a wajensu.

Tsarin bai kuɓuta daga son kai ba. A wancan zamani ƙungiyoyin na maza ne Turawa, kuma wanda suka sani suke zaɓa. Sai a 2015, bayan shekara 98, mace ta fara karɓar babbar lambar IEEE, wato Mildred Dresselhaus.

Mulkin mallaka, 1899 zuwa 1958

A lokacin da ake buga waɗannan lambobi, ƙasar Hausa tana cikin wani hali. A watan Mayun 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙonni, ta kashe jama'a masu yawa, ta ƙone garin. Ingila ta ci Kano da Sakkwato a 1903. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka ja iyakar da ta bar Ƙonni da Bazaga da Adar a hannun Faransa, 'yan'uwansu na kudu a hannun Ingila.

Bayan haka ganuwa ta daina amfani, ƙarfen Turai mai araha ya kashe narkar tama, sumunti da kwanon rufi suka fara ture tubali da azara. Sarautun sana'a sun ci gaba, amma manyan ayyuka sun fita daga hannunsu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Dubban talakawa ne suka haƙa hanyarsa suka ɗauki ƙasa a ka, sunayen Turawan da suka tsara ta kuwa su suka shiga littattafai. A yankin Faransa da aikin tilas aka yi hanyoyin mota, ba a soke shi ba sai a 1946. Makarantun zamanin sun fi horar da akawu da malamin makaranta. Sakamakon haka tsohuwar hanyar karramawa ta yi rauni, sabuwar kuma ƙofarta a rufe take ga ɗan ƙasa.

'Yancin kai da ƙungiyoyin gida, 1958 zuwa 1997

A ranar 16 ga Fabrairun 1958 wasu injiniyoyi da ɗalibai 'yan Najeriya suka kafa Ƙungiyar Injiniyoyin Najeriya, NSE, a Landan. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a Zariya a 1962 da tsangayar injiniyanci. A 1970 aka kafa COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, a 1979 aka kafa lambar girmamawa ta ƙasa ga masana da masu fasaha, a 1997 kuma aka kafa Akadamiyar Injiniyanci ta Najeriya. Ta haka injiniyan Najeriya ya sami zauren da abokan aikinsa za su auna shi su ɗaga darajarsa.

A Nijar kuwa, mutum guda ne ya fi haskaka wannan zamani. An haifi Abdou Moumouni Dioffo a Tasawa a 1929. Ya yi zurfi a ilimin fiziya a Faransa, ya yi aiki a Mali, daga 1969 kuma ya jagoranci ofishin makamashin hasken rana na Nijar, ONERSOL, a Yamai. A can aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa da na girki da na tace ruwa masu aiki da rana, a zamanin da duniya ba ta ɗauki wannan fanni da muhimmanci ba. Hukumar kare haƙƙin ƙirƙira ta duniya ta ba shi lambar zinariya. Ya rasu a 1991, a 1992 aka sa wa jami'ar Yamai sunansa. A wannan tsakani yankin Ƙonni ma ya ga aikin injiniyoyi da idonsa: masana'antar sumunti ta Malbaza a shekarun 1960, da filin noman rani na Ƙonni mai hekta sama da 2,000, wanda madatsun Mozage da Zango ke shayarwa.

Yama, 1962 zuwa 1986

Babban abin da ya faru a wannan yanki ta fuskar karramawa daga wani ƙauye ya fito. Yama tana cikin ƙasar Adar, a gundumar Illela. A 1962 dattawan garin suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, suka danƙa aikin ga wani magini ɗan garin, Alhaji Falke Barmu, wanda manomi ne kamar kowa. Aikin gayya aka yi. Wasu suna buga tubali, wasu suna jan ruwa, wasu suna kawo itace, wanda ba shi da ƙarfin aiki ya ba da hatsi. Ginin farko zaure ne mai kusurwa huɗu, da jerin ginshiƙai da mihirabi.

A 1975, da rufin ya buƙaci gyara, Falke Barmu ya sake shi gaba ɗaya. Ya lanƙwasa itatuwa ya ɗaure su dami-dami, ya kafa gindinsu a cikin ginshiƙai, ya lulluɓe da laka, ya tayar da bakuna, ya ɗora tulluwa a tsakiya. Daga baya, zuwa 1982, ya ƙara hasumiya huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, kuma babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Kowace tana da faɗin gindi, tana tsukewa tana hawa, an yi mata ado irin nata.

An kafa kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1977, ana ba da ita duk bayan shekara uku. Alƙalanta masana gini ne, kuma sukan tura ƙwararre ya je ya duba aiki a inda yake, ya tambayi masu amfani da shi. A 1983 sun karrama Lassina Minta, maginin masallacin Niono a Mali. A 1986, a bikin da aka yi a Marrakesh ta Maroko, masallacin Yama ya shiga cikin ayyuka shida da suka yi nasara, a jere da gyaran Masallacin Ƙudus da tsohon garin Mostar. Yabon gwani ya zama dole. Amfanin da ya fi kuɗin kyautar shi ne an auna ginin, an zana shi, an ɗauki hotunansa, an rubuta sunan magininsa. Yau ɗalibin gine-gine a kowace nahiya yana iya karanta aikin Falke Barmu, gatan da maginan Surame da maƙeran Tanimu ba su samu ba.

Daga tassa zuwa Dandaji, 1989 zuwa 2018

Fari na 1973 da na 1984 ya bar faƙo mai yawa a Adar. A 1989 wasu manoman gundumar Illela suka ziyarci Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a busasshiyar ƙasa, a zuba taki, a jira ruwa. Suka dawo suka gyara tsohuwar dabararsu ta tassa a kan haka. Ramin yana tare ruwan sama, gara tana bin takin tana huda ƙasa, gero ya tsiro a inda ko ciyawa ba ta fita. A daminar 1990 ruwa ya yi ƙaranci, gonakin tassa suka ba da amfani, maƙwabta suka gani suka ɗauka, har faƙon da aka yi watsi da shi ya koma ana saye ana sayarwa. A 2018 wata gidauniya a Suwidin ta karrama Yacouba Sawadogo, manomin Yatenga da ya yaɗa dabarar, tare da Tony Rinaudo, wanda ya yi aikin raya kututturan itatuwa da manoman Maraɗi. Manoman Illela da suka yaɗa tassa har ta game yankin, gonakinsu ne kawai shaidarsu.

A Dutse ta jihar Jigawa, Malam Mohammed Bah Abba, malamin kwalejin fasaha wanda ya tashi a gidan maginan tukwane, ya ɗauki ilimin da kowace mai randa ta sani ya tsara shi. Ana sa ƙaramar tukunya a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen tsumma. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bushewa, yana tafiya da zafin ciki, sai tumatir da yalo da alayyafo su yi kwanaki ba su lalace ba. Kamfanin Rolex ya ba shi kyautar dala 75,000 a 2000. A 2015 Abdou Maman Kané, ɗan Nijar, ya karɓi babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan na Biyu saboda tsarin da ke ba manomi damar kunna injin ban ruwa da wayar salula daga nesa.

Aikin Falke Barmu ma ya sake fitowa. A Dandaji, a jihar Tawa, akwai wani masallaci da ya gina wanda ya fara lalacewa. Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar da ta bar aikin kwamfuta ta koma zanen gini, tare da Yasaman Esmaili, suka mayar da shi ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci a gefensa da bulon jar ƙasa da aka matse da inji, tare da maginan yankin. Aikin ya ci lambar zinariya ta gidauniyar LafargeHolcim a yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, da ta azurfa a duniya baki ɗaya a 2018.

Inda aka kwana a yau

Lambobin duniya sun ƙara girma. Akadamiyar injiniyanci ta Amurka ta fara ba da kyautar Draper a 1989, ga Jack Kilby da Robert Noyce, waɗanda suka samar da ƙwaƙwalwar na'urorin lantarki. Ingila ta fara kyautar Sarauniya Elizabeth a 2013, ta raba fam miliyan 1 ga mutum biyar da suka aza harsashin intanet. A 2023 ta karrama mutum huɗu da suka inganta faifan sola, irin fasahar da tashar lantarki mai megawat 7 da aka buɗe a Malbaza a 2018 ta dogara da ita. Tun 2015 akadamiyar injiniyanci ta Ingila take ba da kyauta ta musamman ga masu ƙirƙira na Afirka. A 2023 kuma Injiniya Mustafa Balarabe Shehu daga Kano, tsohon shugaban NSE, ya zama shugaban Tarayyar Ƙungiyoyin Injiniyoyi ta Duniya, wadda aka kafa a 1968. Bahaushe ya zauna a kujerar da ke saman dukkan waɗannan ƙungiyoyi.

Duk da wannan ci gaba, wanda ya bi jerin zai lura da abu guda. Falke Barmu, da Bah Abba, da Abdou Maman, da maginan Dandaji, dukkansu daga waje babban yabonsu ya zo. Ƙungiyoyinmu na gida sun fi karrama masu digiri da masu muƙami, a manyan otal-otal na Abuja da Yamai. Mai haƙar rijiyar da ya san inda ruwa yake a ƙasar Bazaga, da bakaniken da ya raya injinan ban ruwa a Galmi, da maƙerin da ya gyara garmar shanu ta dace da ƙasar dutse, ba su cikin lissafi. Sarakuna har yanzu suna naɗa Sarkin Magina da Sarkin Maƙera, amma ba a rubuta dalilin naɗin.

Tarihin nan ya nuna kowace hanya tana riƙe da rabin amsa. Rawani yana da kusanci da jama'a da kwarjini a idonsu. Lambar ƙungiya tana da tantancewar masana da rubutacciyar shaida. Haɗa su ba ya buƙatar miliyoyi, tunda lambar Copley da fam 100 ta fara.

Kira ya tafi ga ƙungiyoyin injiniyoyi na Nijar da Najeriya, da jami'o'in Tawa da Sakkwato, da fadar Sarkin Adar da ta Sarkin Ƙonni, da ƙananan hukumomi irin su Bazaga da Malbaza. A kafa lambar yabo ta shekara-shekara da sunan Falke Barmu ko Babban Gwani. A buɗe ta ga mai digiri da wanda ya koya a gindin ubangida, mace da namiji. Masu sanin aikin su je su duba da idonsu kafin su yanke hukunci, a rubuta yadda aka yi aikin da Hausa da Faransanci da Ingilishi, a ajiye a inda ɗalibai za su samu. A yi haka tun gwanayen suna raye, suna iya bayyana abin da suka sani da bakinsu.